In An Taɓa Maido Ka Daga Filin Jirgi, Kada Ka Canza Fasfo

Duk wanda aka taɓa maidowa daga filin jirgin wata ƙasa, shawarar da yake tararwa a gida kusan iri ɗaya ce: yar da wannan fasfo, a yi maka sabo, a ɗan taɓa suna ko ranar haihuwa, in an tambaye ka ko an taɓa hana ka shiga wata ƙasa ka ce a'a. Ejan ya faɗa, abokan kasuwa su maimaita, har ta zauna wa mutane kamar gaskiya. A ganina wannan shawara ta fi maidowar kanta cutarwa. Sau da yawa maidowa ciwo ne mai magani, ƙaryar da ake ɗorawa a kanta ce ke rufe ƙofa shekara 10, wani wurin ma har abada.

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Jami'in shige da fice da ke zaune bayan gilashi shi ke da maganar ƙarshe. Mutanen Kano ba su manta da watan Nuwamban 2023 ba, lokacin da jirgi ya sauka Jidda da fasinja 264 aka soke bizarsu gaba ɗaya. Sai da jami'an diflomasiyyar Najeriya suka shiga tsakani aka bar 87 suka wuce, aka dawo da 177. Bayanin da Saudiyya ta bayar shi ne an ba da bayanan da ba daidai ba don samun nau'in bizar da ba ta dace da masu ita ba. To kowa ya tambayi kansa: wa ya cike maka takardar neman biza, kuma ka karanta abin da ya rubuta da sunanka?

Abubuwa uku ne muke haɗawa mu ce "an dawo da shi", alhali hukuncinsu ya sha bamban. Akwai wanda ofishin jakadanci ya hana biza tun yana gida. Akwai wanda ya isa filin jirgi aka ce ba zai shiga ba, aka damƙa fasfonsa ga ma'aikatan jirgin da ya kawo shi suka mayar da shi. Akwai kuma wanda ya shiga ƙasa ya zauna, aka kama shi aka tasa ƙeyarsa. Abin da zai nuna maka ajin da kake ciki shi ne takardar da aka miƙa maka a ranar. Abin takaici, mutane da yawa don ɓacin rai a kwandon shara na filin jirgi suke barinta. Wannan takarda ta fi tikitinka daraja. In tana hannunka, ɗauki hotonta yau ka adana.

Ɗauki misalin ƙasashe 29 na yankin Shengen, irin su Faransa, Jamus, Italiya da Sifaniya. Dokarsu ta wajabta a ba wanda aka hana shiga takarda mai ɗauke da dalili, kuma kowane dalili yana da harafinsa. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, ana buga hatimin shiga a fasfo, a soke shi da layi biyu masu gilma juna da baƙin tawada, a rubuta harafin a gefen dama. A na nufin ba ingantaccen fasfo, B fasfo na jabu, C ba biza mai aiki, D bizar jabu. E na nufin ba ka da takardun da ke tabbatar da abin da ya kawo ka da inda za ka sauka. F ka riga ka cinye kwana 90 cikin 180. G kuɗin guzuri bai kai ba. H sunanka na cikin rajistar waɗanda aka hana shiga. I kuma an ɗauke ka barazana ga tsaro ko lafiyar jama'a.

Mai harafin E ko G ya kwantar da hankalinsa, ba a ɗora masa haramcin shekaru ba. Abin da ya rasa ne ya maido shi, in ya cike giɓin zai iya komawa muddin bizarsa na da rai. Kuma giɓin nan sanannen abu ne. Ejan ya yi maka ajiyar ɗakin otal ta wucin gadi don a samu biza, ya soke bayan kwana biyu, kai ba ka sani ba. Jami'i ya ɗaga waya ya kira otal ɗin, aka ce ba su san da zuwanka ba. Shi ke nan, E. Ko ka nemi biza a ofishin Faransa alhali duk harkarka a Italiya take. Batun guzuri kuwa, Faransa ta yanke adadi: Yuro 65 kowace rana in kana da ajiyar otal, 120 in babu, 32.50 in kana da takardar masauki da wanda zai sauke ka ya karɓo daga ofishin magajin garinsu. Mai zaman kwana 10 ba tare da otal ba sai ya nuna Yuro 1,200. Ga inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, ga fasfo da ya rage masa wata uku bayan ranar da za ka fito.

Amma duba shafin bizar da kyau kafin ka sayi wani tikiti. In an buga mata hatimin sokewa ta mutu, sai sabuwa, kuma labarin sokewar na cikin rumbun bayanan biza da duk ofisoshin jakadancin Shengen ke gani har shekara 5. Mai harafin H nasa ya fi nauyi. Ƙasa ɗaya ce ta saka sunansa, amma duk 29 ɗin za su gani, kuma wadda ta saka ce kaɗai ke iya cirewa. Wanda Jamus ta saka, ya ce bari ya zagaya ta Fotugal, ya yi asarar kuɗin jirgi ne kawai. Tun ranar 12 ga Oktoban 2025 kuma suka fara sabon tsarin kwamfuta na shiga da fita, wanda ke ajiye hoton fuska da zanen yatsu, yana kuma riƙe labarin hana shiga har shekara 3. Ko da fasfon mai hatimi ya faɗa rijiya, labarin na nan.

Amurka tata ta fi tsauri, kuma a can bambancin takarda biyu shi ne komai. Jami'i na iya ba ka damar janye neman shigarka da kanka, a takarda mai lamba I-275. Za a soke biza, ka koma gida, amma babu haramcin shekaru, kana iya neman sabuwa. Yana kuma iya yanke maka korar gaggawa a takarda mai lamba I-860, wadda ke hana ka shiga shekara 5, in aka maimaita ta koma 20. Mai son komawa kafin wa'adin sai ya nemi izini na musamman da takarda mai lamba I-212. In kuwa aka rubuta cewa ka yi ƙarya kan muhimmin abu don samun biza ko shiga, haramcin na tsawon rai ne, sai dai a nemi afuwa. Takardar neman bizarsu, DS-160, tana tambaya ƙarara ko an taɓa hana ka biza, ko an hana ka shiga, ko ka janye neman shiga a bakin iyaka. Wanda yake da I-275 kawai ya amsa "a'a", ya ɗauki ƙaramar matsala ya mayar da ita ta har abada da hannunsa. Gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Ban da wannan, a Disamban 2025 Amurka ta ƙara ƙuntata biza ga 'yan Najeriya da Nijar, don haka a fara duba halin da ake ciki kafin a biya kuɗin nema.

Birtaniya na hana wanda ta kama da yaudara a takardun biza shekara 10. Kanada na hana shiga shekara 1 a umarnin nisanta mutum daga ƙasar na yau da kullum, 5 in akwai ƙarya. Waɗannan biyun da Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan suna musayar zanen yatsun masu neman biza a tsakaninsu. Takardun Birtaniya da Kanada kuma ba ƙasarsu kaɗai suke tambaya ba, kowace ƙasa ce a duniya. Maidowar da aka yi maka a Dubai ko Alƙahira ma ta shiga cikin tambayar.

Nan ne nake son masu shawarar sabon fasfo su tsaya su yi tunani. Suna ana canza shi, yatsa fa? 'Yan uwanmu da suka zauna Saudiyya sun fi kowa sanin wannan. Wanda aka ɗauki basmarsa, wato zanen yatsunsa, a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, kafin a sako shi jirgi, in ya dawo da sabon suna da bizar Umara, yana ɗora yatsunsa a kan na'ura a Jidda ko Madina tsohon fayil zai buɗe. Yanzu laifi ya zama biyu, na farko da kuma shigowa da suna na ƙarya. Ya kashe miliyoyi, ya ɗaura harami, bai ga Ka'aba ba. Dokar da Saudiyya ta sanar a 2025 kan yin Hajji ba tare da izini ba ta tanadi tarar da ta kai Riyal 20,000, da kora, da hana shiga shekara 10 ga baƙin da aka kama. Wa'adi ne mai tsawo, amma yana ƙarewa. A gida ma fasfon Najeriya an ɗaure shi da lambar NIN, wanda ya taɓa ranar haihuwa a can sai ta bi shi banki da takardun makaranta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hanyar da ta dace ba ta da sauri, amma tana kaiwa. Ka fara sanin abin da aka rubuta a kanka. Birtaniya na ba kowa damar neman kwafin fayil ɗinsa daga ma'aikatar cikin gida kyauta, kuma doka ta ba su wata ɗaya su amsa. Amurka na da dokar 'yancin samun bayanai, ana nema ta intanet daga hukumar kwastam da tsaron iyaka, sai dai yakan ɗauki watanni. A Shengen kana da haƙƙin rubuta wa hukumar kowace ƙasa cikinsu ka tambayi ko sunanka na rajista. Da ka ga dalilin, shi za ka gyara, ba wani abu daban ba. In an yi zargin aiki za ka je yi da bizar ziyara, ƙarin kuɗi a asusu ba zai amsa ba, abin da zai amsa shi ne shaidar abin da ke jiranka a gida: takardar hutu daga wurin aiki, rajistar kasuwanci, takardun haraji. Kuma kada wani ya zuba maka kuɗi mai yawa a asusu mako guda kafin nema. Suna duba shigar kuɗi da fitarsu na watanni, kuɗin aro a fili yake bayyana.

A sabuwar takardar nema ka amsa "e", ka rubuta layi uku ko huɗu: ranar da abin ya faru, filin jirgin, dalilin da aka ba ka, da abin da ya canza. Ba zagin jami'i, ba dogon roƙo. Inda akwai haramcin shekaru ko zargin ƙarya, lauyan shige da fice mai lasisi a waccan ƙasar ake nema, ejan na bakin kasuwa ba aikinsa ba ne. Masu gaggawar komawa cikin mako biyu da takardun jiya, su sani jami'in da zai duba su yana ganin kwanan watan, zai kuma tambaya me ya sauya.

Ranar tafiya ka sa a ranka za a kai ka ɗaki na biyu, inda ake ƙarin tambayoyi da bincike. Sunanka zai fito da alama, wannan ba ya nufin an sake hana ka. In akwai jirgi na gaba da za ka hau, bar tazarar awa huɗu ko fiye. Takardunka su kasance bugaggu a jakar hannu, kada ka dogara da waya, don tana iya mutuwa ko a karɓe ta: ajiyar otal da aka biya, tikitin dawowa na gaske, takardar gayyata, bayanin asusu, da takardar maidowar farko. Wanda zai tarbe ka ya san lokacin saukarka, ya riƙe wayarsa a kunne, kuma abin da zai faɗa ya dace da naka, kwana nawa za ka yi, ina za ka kwana, mene ne tsakaninku. Ka ce yayanka ne, shi ya ce abokin kasuwa, magana ta lalace. A Amurka da wasu ƙasashe jami'ai na da ikon duba waya, saƙon da wani ya turo yana cewa ya samo maka aiki ya isa a juya ka.

In tambaya ta zo, amsa abin da aka tambaya ka tsaya. In ba ka jin harshen sosai ka nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. Idan aka turo maka takarda ka sa hannu, karanta ta layi-layi ko da ka kwana a kujera, domin abin da ka sa wa hannu da ƙarfe uku na dare shi za a buɗe maka bayan shekara biyar. Inda aka rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka nuna a gyara kafin alƙalami ya taɓa takarda, sannan ka nemi kwafinka. Tsohon fasfon mai soken hatimi kuwa, ko ya ƙare aiki, haɗa shi da sabon da roba ka tafi da su tare.