Mudun da muka auna Lamy, shi za mu auna Rabe

Duk mai tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri ta Kamaru zuwa Njamena ta Cadi yana wucewa kusa da inda mutum biyu suka mutu rana guda. Ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka gwabza da rundunar Rabe, mayaƙin da ya fito daga Sudan ya mamaye Borno. Kwamandan Faransawa, Lamy, ya faɗi, shi ma Rabe aka kashe shi, aka sare kansa aka ɗaga wa jama'a su gani. Faransawa suka raɗa wa sabon garin hayin kogi sunan mamacinsu, Fort-Lamy, har 1973 lokacin da Shugaba Tombalbaye ya mai da shi Njamena.

Wannan sauyi ya yi daidai. Masu cewa cire suna ko mutum-mutumi shafe tarihi ne su dubi Lamy: shekara 50 da ɗoriya ke nan, kuma har yau ɗalibai na karanta labarinsa. Girma kawai aka janye masa. Haka ɗalibai a birnin Hamburg na Jamus suka kayar da mutum-mutumin Hans Dominik a 1968, hafsan Jamus da ya ci Marwa ta arewacin Kamaru da yaƙi a 1902. A Bristol ta Ingila kuwa, an jefa na Edward Colston mai fataucin bayi cikin ruwa a 2020, aka tsamo shi aka kwantar a gidan tarihi, fentin masu zanga-zanga na jikinsa. Wanda ya gan shi a kwance ya fi sanin ko wane ne shi fiye da wanda ya gan shi a tsaye.

A Duwala ta Kamaru, ɗan gwagwarmaya André Blaise Essama ya sha fille kan mutum-mutumin Janar Leclerc na Faransa, ya kuma sha ɗauri a kan haka. Kokensa, cewa ana girmama Bature an manta da 'yan Afirka, gaskiya ne. Rundunar da Leclerc ya ja daga Cadi ta ci Kufra a 1941 mafi yawanta 'yan Afirka ne, to ina sunayensu? Amma ban yarda a bar hukuncin a hannun mai guduma ba. A wannan gari dai, a 2018, wasu sarakunan gargajiya suka rushe ginin tunawa da Ruben Um Nyobè, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin Kamaru, tun ba a gama shi ba. Idan ƙarfi ne zai raba gardama, gwarzon kowa zai iya kwana a ƙasa.

Mu nan arewacin Kamaru ba mu cika gina mutum-mutumi ba, addini bai bar mu ba. Namu yana cikin sunayen tituna da makarantu, da kirarin da maroƙa ke yi ranar hawan salla. A nan ne batun ya fi zafi, don Bature ba shi da dangi a unguwa, namu kuwa suna da su.

Ana yabon Rabe cewa ya tsaya wa Turawa har ya mutu, kuma ya tsaya ɗin. Shi ne kuma ya ƙone Kukawa a 1893, ya daidaita Borno da Bagirmi, ya cika rundunarsa da kasuwanni da bayi. Wanda aka ja kakarsa da igiya a wuya ba zai ji sanyi ba don an ce masa mai igiyar baƙar fata ne. Haka zancen yake game da wasu lamidai da suka riƙa kai hari duwatsun Mandara suna kamo mutane. Jikokin waɗanda aka kama, Mafa da Kapsiki da sauransu, muna cin kasuwar Mokolo tare da su, 'ya'yanmu na aji ɗaya. Suna jin kirarin nan, kuma sun san abin da aka tsallake a cikinsa. Kawaicinsu bai kamata ya ruɗe mu ba.

Abin da nake so shi ne majalisun ƙananan hukumomi su zauna da dattawan kowane ɓangare, da malaman tarihi na Jami'ar Marwa, a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ɓarnarsa ta rinjayi alherinsa a sauke shi daga dandali a kai gidan tarihi. Wanda aka bari, a kafa allo a rubuta duka biyun, da Faransanci da Fulatanci da Larabci da Hausa.

Ahmadu Ahijo ma ya shiga wannan lissafi. Ɗan Garwa ne, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya rasu a Dakar a 1989, kuma har yau kabarinsa na can. Ina cikin masu son a dawo da shi gida da mutunci. Amma a mulkinsa aka harbe Ernest Ouandié, jagoran masu tawaye ga gwamnatinsa, a bainar jama'a a Bafusam a 1971, kuma dokar 1991 da ta wanke sunan Ahijo ita ce ta wanke na Ouandié. Ranar da za a gina masa hubbare a Garwa, ya kamata a gayyaci iyalan Ouandié, a kuma rubuta abin da ya faru a Bafusam a jikin allon.