Sakamoto da masu raina kiɗan kwangila

A wayar ƙanena na sake cin karo da kiɗan. Ɗan bidiyo ne na daƙiƙa talatin, ruwan sama na sauka a gilashin mota, fiyano kuma na bugawa a hankali, 'yan sautuka kaɗan suna zagayowa kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Na tambaye shi ko ya san mai kiɗan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yaya, ai kiɗan TikTok ne, kowa ma shi yake ɗorawa." Kiɗan ya girme shi da kusan shekara ashirin. Ryuichi Sakamoto, makaɗin ƙasar Japan, shi ne ya yi shi a 1983, domin fim ɗin Merry Christmas, Mr. Lawrence, labarin fursunonin yaƙi a wani sansanin sojan Japan da ke tsibirin Java a 1942.

Tun da Sakamoto ya rasu ranar 28 ga Maris, 2023, yana da shekara 71, nake ganin wani ra'ayi na yawo tsakanin masu sharhin kiɗa. Wai Sakamoto na gaskiya shi ne na faifan async na 2017, mai naɗar ƙarar ganye da ta ruwa, wanda ya je ya buga fiyanon da ambaliyar tsunami ta 2011 ta jiƙa. Kiɗan fim da na talla kuwa, a wurinsu, neman na tuwo ne kawai. Ni ban yarda ba. Mafi yawan abin da ya sa duniya ta san sunansa, wani ne ya zo da kuɗi da wa'adi ya ce a yi masa, kuma wannan bai rage wa aikin komai ba.

Da haka ma ya fara. A shekarun 1970, yana ɗalibin jami'ar fasaha da kiɗa ta Tokyo, ɗan haya ne a sutudiyo: ya buga wa wannan fiyano, ya tsara wa wancan kiɗa. Mai tsara kiɗa shi ne wanda ake kawo wa waƙa tsirara ya yi mata sutura, ya ce goge ya shigo nan, ganga ta yi shiru can. Mawaƙi ke shan tafi, shi kuwa sunansa na bayan faifai da ƙananan baƙi. Abokinsa Yukihiro Takahashi ne ya laƙaba masa "Farfesa" saboda yawan karatunsa, kuma tare da shi da Haruomi Hosono suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Yellow Magic Orchestra a 1978. Ɗaya daga cikin fitattun kiɗansu, Behind the Mask, asalinsa na tallan agogon Seiko ne. Michael Jackson ya ji shi ya sa masa baitoci, Eric Clapton ma ya rera shi. Tallan agogo fa!

Shigarsa fim ma akwai ciniki a ciki. Darakta Nagisa Oshima ya neme shi ne ya fito a matsayin Kyaftin Yonoi a Merry Christmas, Mr. Lawrence, tare da David Bowie. Sakamoto, wanda bai taɓa yi wa fim kiɗa ba, ya gindaya sharaɗi: zai fito, amma shi zai yi kiɗan. Oshima ya amince, kiɗan ya ci lambar BAFTA a Ingila. Abin da ya burge ni a ciki shi ne ya ƙi bin hanya mai sauƙi. Fim na yaƙi, da duka da yunwa, amma bai cika shi da ganguna da kakaki ba. Ya yi wani sauti da ba za ka ce na Japan ne ko na Turai ba, wanda ya dace da mutane biyu da suka kasa fahimtar juna.

Na fim ɗin The Last Emperor ya fi tsanani. Darakta Bernardo Bertolucci ya ɗauke shi ɗan wasa, sai daga baya aka ce ya kawo kiɗa, cikin kusan mako biyu. Ya rubuta guntaye sama da arba'in, ya kwanta asibiti saboda gajiya, da ya je kallon fim ɗin kuma ya tarar an yanyanka aikin, an zubar da kusan rabi. A 1988 ya karɓi Oscar tare da David Byrne da Cong Su, ɗaya daga cikin tara da fim ɗin ya kwasa.

A nan masu wancan ra'ayi suna da ta cewa, kuma ba zan ɓoye ba. Mai kiɗan kwangila ba shi da iko da abin da ya haifa. Almakashi na hannun darakta. Kiɗan The Revenant na 2015, wanda ya yi yana murmurewa daga ciwon dajin maƙogwaro, ko takarar Oscar ba a bari ya shiga ba, saboda hannu fiye da ɗaya ne a cikinsa. Gaskiya ne kuma idan ya samu sarari shi kaɗai yakan yi abin da ba wanda zai saya a lokacin. Riot in Lagos na 1980, mai ɗauke da sunan Legas ɗinmu, ba talla ba ne, ba fim ba ne, amma masu kiɗan na'ura har gobe suna komawa gare shi. Shi kansa ya daɗe yana gudun buga kiɗan Mr. Lawrence a dandali, don ya gaji da a riƙa tambayarsa shi kaɗai kamar bai yi wani ba.

To amma gajiyar mai abu ba ta zama hujja a kan abin. Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba. Narambaɗa makaɗin fada ne, Sarkin Gobir na Isa yake yi wa waƙa, ana ba shi doki da riga, kuma ba wanda ya ce waƙarsa ta ragu don an biya. Ubangida yakan ba da dalili da iyaka. Abin da makaɗi ya zuba a cikin iyakar, nasa ne. Wa'adin mako biyu da fage na minti ɗaya da rabi su ne suka tilasta wa Farfesa ya ajiye rabin iliminsa ya nemo sautuka kaɗan da za su zauna a kunne. Wanda ya taɓa ƙoƙarin taƙaita hira ta awa guda cikin jimla biyu ya san wanne ya fi wuya.

Dubi Energy Flow na 1999. An yi shi ne don tallan wani maganin ƙarin kuzari, a lokacin da tattalin arzikin Japan ya daɗe a kwance, ma'aikata na komawa gida a jirgin ƙasa na ƙarshe. Wani zai sa kiɗa mai tsalle. Shi sai ya sa fiyano ita kaɗai, a sanyaye, kamar mai cewa sannu da aiki. Ya zama kiɗa marar waƙa na farko da ya hau saman jadawalin Oricon na cinikin faya-fayai a Japan, aka sayi fiye da kwafi miliyan ɗaya. Mutanen da suka saya ba maganin suke nema ba.

Har ƙarar waya ya yi wa Nokia, da ɗan sautin da na'urar wasa ta Dreamcast ke yi idan an kunna ta. Ban ga alamar ya ɗauki irin wannan a matsayin ƙasƙanci ba. Akwai wani gidan abincin Japanawa a New York da yake yawan zuwa. Abincin ya yi masa, kiɗan da suke sawa kuwa ya hana shi sakat. Bai daina zuwa ba. Ya rubuta wa mai dafa abincin cewa yana son girkinsa amma ya tsani kiɗan, ya nemi a bar shi ya zaɓo musu wani, kyauta. Ya zauna da wani abokinsa suka tace jerin, suna la'akari da hasken ɗakin da launin bango. Bai sa nasa ko ɗaya a ciki ba.

Aikinsa na ƙarshe a fim shi ma kwangila ce. Darakta Hirokazu Kore-eda ya roƙe shi kiɗan fim ɗin Monster, ya amsa cewa ba shi da ƙarfin yin duka, ya aika da sababbi guda biyu, aka cike sauran daga tsofaffin faya-fayansa. An nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Cannes a watan Mayun 2023, wata biyu ba su cika ba da rasuwarsa.