Ba alƙalin wasa ke sauya dokokin zari-ruga ba

A filayen atisaye na Legas, matasanmu 'yan zari-ruga kan zargi alƙalin wasa da ƙirƙiro doka idan ya yanke hukuncin da ba su saba gani ba, kuma zargin nan yana damuna domin kuskure ne. Hukumar World Rugby da ke Dublin ce ke gyara dokokin, kuma takan gwada gyara kafin ta tabbatar da shi. Dokar 50:22 misali ce: wanda ya buga ƙwallo daga rabin filinsa, ta taɓa ƙasa sannan ta fita ta gefe cikin yankin mita 22 na ƙarshen filin abokan hamayya, ƙungiyarsa ce za ta jefo ta. An fara gwada dokar a duk faɗin duniya a 2021, aka tabbatar da ita a 2022.