A Landan dillalai sun yi yawa, a Arewa babu su

Ɗan yayata yana shekarar ƙarshe a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ba jarrabawa ce ta hana shi barci ba. "Kawu," in ji shi a waya, "in bar zayyanar nan in koma zana fuskoki? An ce su ke tafiya a wajenku." Zayyana irin ta allon sauka yake yi, da dagi da zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya, yana haɗa jar ƙasa da baba. Na ce masa kada ya soma.

A nan Landan hanya a shimfiɗe take. Ɗalibi zai baje aikinsa a ƙarshen karatu, masu gidajen baje kolin zane su zagaya suna duba wanda za su ɗauka. Aikinsu dai na dillalin kara ne: su suka san mai kuɗi, su ke yanka farashi, sai dai la'adarsu kan kai rabin kuɗin. Duk Oktoba ana cin kasuwar zane ta Frieze, ga kuma 1-54 da ake yi wa masu zanen Afirka a Somerset House tun 2013. Kuɗi kam akwai. A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, ɗan Najeriya, a gidan gwanjon Bonhams kan fam miliyan 1.2.

Amma kasuwar yayi take bi. A Fabrairun 2020 wani zanen Amoako Boafo, ɗan Gana, ya tashi fam 675,000 a gwanjon Phillips, ribar kuwa ta wanda ya riga ya saya da arha ce. Nan da nan samari daga Akara har Legas suka rufa kan zanen baƙar fuska da riga mai launi. Da 'yan sari suka ja da baya, farashin da yawa daga cikinsu ya faɗi warwas. Wanda zai shiga yanzu ya tarar kasuwa ta watse. Abin da ya fi ba ni haushi ma, sau da yawa kafin a kalli aikinka an riga an yanke irin Afirkar da ake son gani a ciki.

A gida matsalar daban ce. Ba hannu muka rasa ba. A Zariyar nan su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce fasahar Turawa sai an gauraya ta da ta gida. Ladi Kwali mai ginin tukwane ma ga ta a bayan naira 20. Mai saye ne babu, balle dillali. Attajirinmu zai kashe miliyoyi kan labule da kujerun Turkiyya, bango kuwa sai agogo da kalanda. In ya kira mai zane, hoton gwamna yake so na kai gaisuwa, kuma sai ya taya kamar yana sayen tumatir. Wasu na ɗora laifin kan addini, amma Ibrahim El-Salahi na Sudan da harafin Larabci ya gina aikinsa, har Tate Modern, babban gidan baje kolin zane a Landan, ta ware masa baje koli a 2013.

Su ma masu zanen nan Landan ɗin, yawancin waɗanda na sani koyarwa ko aikin kanti ke biya musu haya. Don haka na ce wa yaron in ya gama bautar ƙasa ya kama koyarwa ko tsara tambari a kwamfuta, babu kunya a ciki. Ya ɗauki hoton kowane aiki da hasken safe, ya rubuta girmansa da shekararsa da wanda ya saya, kada kuma ya bar zane a hannun kowa sai da takarda. In Nuwamba ta zo ya tafi kasuwar zane ta Art X a Legas ya ga yadda ake ciniki. Kuɗin mota ni zan tura.