Kafin ka sayi kalibar 12 saboda biri da dorina

Duk shekara da masara ta fara goyo gyada ta fara zuba 'ya'ya, hirar majalisa a Garwa da Pitowa da Lagdo a nan arewacin Kamaru sai ta koma ta bindiga. Wannan yace shi wallahi bana sai ya mallaki Baikal ko da zai saida sa, wancan yace ai Simplex din Faransa ta fi ta sauki a kafada, wani dattijo daga gefe yace duk ku bar wannan zancen 'ya'yana, adakar da makeri ya hada min tun zamanin Ahidjo har yau bata taba bani kunya ba. Kowa da hujjarsa, kuma kowa a cikinsu an taba shi, wani goggon biri ne ya kwashe mishi masara, wani dorina ce ta fito daga Binuwai cikin dare ta share mishi fadamar shinkafa kamar an saka inji.

Ni dai ra'ayina a fili yake, gardamar wacce bindiga ta fi kyau ana yinta ne kafin lokacinta. Tambayar farko itace wace dabba ce ke maka barna, domin in ka zauna ka lissafa su daya bayan daya zaka ga bindigar da talaka zai iya mallaka bisa doka, wato kalibar 12, kadan ne daga cikinsu take iya maganinsu, sauran ko dai sun fi karfinta ko sun fi karfin kudin harsashinta, ko kuma doka ta hana ka taba su gaba daya.

Mu fara da ita kanta bindigar. Kalibar 12 cikin bakinta sumul yake, kartush dinta kuma, wato harsashinta, kananan kwayoyin darma ne da ke watsuwa in an harba, lambar kwayar in tana da girma to kwayar karama ce, shi yasa lamba 6 ko 7 ta zabbi ce da kurciya, sifili biyu kuwa da mafarauta ke cewa dubul zero kwaya kamar tara ce kawai manya manya a ciki. Duk cika bakin da mai saidawa zai maka, abin da ya wuce mita 35 zuwa 40 kwayoyin sun riga sun baje, karfinsu ya ragu, raunata dabba kawai zakayi. To wane goggon biri ne zai tsaya maka a mita 30? Duk wanda yayi gadin gona a wajen Poli ko Cholire ya san halinsu, suna bambance namiji mai rike da abu a hannu da mace ko yaro, ka harbi daya yau gobe zasu hau dutse su zauna suna kallonka sai ka tafi sallar azahar su sauko. Garke guda yana iya kai arba'in ko fiye, kai kuma kartush kake saye da kudi kwaya kwaya.

Sai janbaki, wadanda masu karal, wato gonakin dawar rani, da masu shinkafar Yagwa da Maga suka fi kowa saninsu. Tsuntsun da ke zuwa dubbai da miliyoyi har ya rufe rana, wai shi za a yi wa bindiga. Kowace kara zata tashe su ne su sauka a gonar makwabcinka, bayan minti biyar su dawo. A nan makwabtanmu na Chadi sun fi mu dabara, Hajarawa masu kama janbaki da taru a wuraren kwanansu cikin dare sun mayar da abin sana'a, ana soyawa ana busarwa ana kaiwa kasuwar Njamena buhu buhu. Bai kare tsuntsun ba, amma akalla wani ya ci riba da shi, kuma ba a kona ko kartush daya ba.

Inda hankalina ya fi tashi shine manyan. Dorina babba tana wuce tan daya da rabi, fatarta a wasu wurare kaurinta ya kai santimita biyar, a dare daya tana cin ciyawa kamar kilo 40, in ta samu shinkafa ko masara mai danyen ganye ai ta samu biki. Ka zuba mata dubul zero a jiki babu abin da kayi sai bata mata rai, zata koma ruwa da ciwo, kuma wanda zai biya bashin ba kai bane, masunci ne da ya fito da asuba da kwalekwalensa a tafkin Lagdo ko matar da ta je wanki bakin kogi, wadanda basu san hawa ba basu san sauka ba. Haka giwa. Giwayen gandun dajin Waza da ke gangarowa kudu da damina wajen Mindif da Muturwa da Kaele, da masu haurawa arewa wajen Kalamalwe kusa da Kusiri da rani, kowace babba tana iya cinye kilo 150 a yini, banda abin da zata tattake. Masu farautar manyan dabbobi da ke zuwa da Turawa dazuzzukan haya na kewayen Binuwai da Faro da Buba Njidda, da manyan raifuloli irin 375 da 458 suke tunkararsu, kuma duk da haka sai kwararre ya tsaya a bayan mai harbin. Kai da bindigar zabo me zaka je yi a gabanta?

Ko da ace ka samu irin waccan raiful din, doka na nan tana jiranka. Dokar gandun daji ta 1994 ta kasa dabbobin kasar nan gida uku, A da B da C, na farko ba a taba su sam, na biyu sai da permi, wato lasisi, na musamman, an sabunta dokar a watan Yulin 2024 amma kariyar manyan dabbobi bata je ko'ina ba. Abin da mutane da yawa basu gane ba shine farautar gargajiya da doka ta kyale ba tare da permi ba, wadda ake yi da kayan da aka hada da itace da igiya ce, bindiga bata ciki ko da makerin kauyenku ne ya kera ta. Wani abin kuma, takardar mallakar bindiga daban permin farauta daban, ta farko daga ma'aikatar mulkin cikin gida take fitowa a karkashin dokar makamai ta Disambar 2016, na biyun daga ma'aikatar gandun daji wato MINFOF, kuma lokacin farauta a yankinmu da rani ake bude shi a rufe kafin damina ta kankama. Wato a watan Agusta da Satumba, daidai lokacin da barnar ta fi yawa, permin naka yana barci a aljihu.

Akwai kofar kare kai, gaskiya ne. Dokar 1994 ta ce wanda ya kashe dabba mai kariya don tsare ransa ko dabbobinsa ko amfanin gonarsa ba za a hukunta shi ba, amma sai ya kai hujja wajen ma'aikacin gandun daji mafi kusa cikin awa 72. Sai dai mu fada wa juna gaskiya, manomin da ke kauyen da ko rezo, wato sabis din waya, babu, bindigarsa ba takarda, ga gawar dorina a bakin gonarsa, wa zai yarda ya dauki kafarsa ya kai kansa ofis? Sai a yanke nama cikin dare a raba a yi shiru, daga baya magana ta fita, abin da zai iya zama kare kai ya koma farautar sata, jandarma su zo da mota.

Kuma kar mu manta a ina muke zaune. Tun abin da ya faru a Buba Njidda farkon 2012, lokacin da mahara a kan dawakai suka shigo suka kashe daruruwan giwaye har sai da aka tura sojojin BIR, wato rundunar kai daukin gaggawa, hukuma ta daina kallon mutum da bindiga a daji a matsayin mai neman abin miya. Ga Boko Haram a Mayo Sava da Mayo Tsanaga, ga zargina masu satar mutane a wajen Tuboro da iyakar Afirka ta Tsakiya, a watan Afrilun 2018 ma ministan mulkin cikin gida Paul Atanga Nji ya rufe shagunan saida bindiga da harsashi a jihohi shida har da Adamawa. A irin wannan yanayin soja ya hadu da kai karfe biyun dare a bakin daji da bindiga a kafada, kafin ka gama bayanin ai beguwa nake dako komai na iya faruwa. Su kansu 'yan fashin daji in sun ji gidan wane akwai bindiga mai kyau, wani lokacin ita suke zuwa nema.

Wani zai ce to malam kai da ke zaune a gari kana rubutu, me kake so muyi, mu nade hannu? A'a, kuma ban ce bindiga bata da amfani ba. Mutumin da matsalarsa gadu ne ko beguwa ko gyazbi, ko dila da ke dibar mishi kaji, ko kura da ke zagaya garken awakinsa, kalibar 12 zata yi mishi aiki, sau da yawa ma karar kadai ta isa. In irin wannan ne kai, shawarata ka bar rudin mai baki biyu ko mai cin kartush biyar, ka nemi mai baki daya irin Baikal ta Rasha, bata da tarkace da yawa a ciki da zasu lalace, kura da zafin Afrilu basa damunta, kuma da yake harbi daya gareka dole ka nutsu ka tabbatar da abin da kake gani kafin ka taba kunama, wanda shine abin da ya fi komai muhimmanci a gonar da yara ke gadi kuma makiyaya ke ratsawa. Ka karya ta ka duba cikin bakin a haske, in akwai tsatsa mai rami ko kumburi ka ajiye musu kayansu, ka girgiza ta in tana kwankwasa a mahadi ta gaji. Lambar jikinta ta zama daidai da ta takarda, in an goge lamba ko kyauta ce kar ka karba. Kartush kuma ka tabbatar tsawonsa bai wuce abin da aka rubuta a jikin bindigar ba, a gida ta kwana babu komai a cikinta, harsashi a wani wuri daban a kulle.

Ta makeri kuwa, musamman irin ta yanzu da ake hadawa da fayif din ruwa a ce wai tana cin kartush na kanti, wannan kam ban da abin fada sai dai Allah ya kiyaye. Adakar da, mai ita ke auna albarushinta da hannunsa, ya san iyakarta. Kartush na kamfani karfinsa an yi shi ne don karfen da aka gwada, fayif bai san wannan ba, kuma in ya fashe hannun hagu da ido ne a wurin.

Abin da ya fi dacewa mu kashe karfinmu a kai, a ganina, shine abubuwan da aka gwada suka yi aiki amma muke raina su don basa kara. Dorina bata iya tsallake rami mai zurfi ko shinge mai kwari, gajerun kafafu gareta, in masu fadama goma suka hada kai suka tona a hanyar da take fitowa, wadda kullum ita ce dai hanya daya, an rage barna sosai, kuma a bar mata 'yar ciyawar bakin ruwa maimakon a noma har cikin kogi. Giwa bata son barkono, ana kwaba shi da kashin shanu a busar a kona a gefen gona ta inda iska ke kadawa, ko a shafa shi da bakin mai a igiya a kewaye. A Kenya an gwada rataya amya a jikin waya kewaye da gona, giwa ta taba wayar zuma ta tashi, mu da muke da masu zumar Adamawa a kusa ban ga dalilin da zai hana a gwada a Kaele ba. Birai kuwa har gobe maganinsu mutum ne a kan rumfa da kare da majajjawa, sai dai a yi karba karba tsakanin manya don kar a cire yara daga makaranta wata biyu saboda gadi.

Sauran nauyin na hukuma ne, kuma a nan ya kamata muryarmu ta fi tashi. Sama da kashi 40 cikin 100 na kasar jihar Arewa gandun daji ne da dazuzzukan farauta na haya, ana karbar kudin Turawa masu zuwa harbi, makarantar koyon kula da namun daji da ke horar da ma'aikatan kasashen Afirka da dama tun 1970 a nan Garwa take, to bai kamata ace manomi ya kai kukan dorina wajen jauro, jauro ya kai wa lamido, a rubuta wa sufurefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, a jira sa hannu daga sama har a gama girbi ba a ga kowa ba. Doka ta ba ma'aikatan gandun daji ikon korar dabbar da ta addabi mutane ko su harbe ta in ta kama, su ke da bindigar da ta dace da wanda ya iya rike ta. Abin da muke nema shine a sa wa'adi, in an kai rahoto a zo cikin kwana biyu ko uku, a auna gonar da aka cinye, a biya wani abu daga cikin kudin hayar dajin nan. Magadan gari da 'yan majalisar Mayo Rai da Mayo Kani da Binuwai su ya kamata a tsare da wannan maganar tun yanzu, kafin su dawo neman kuri'a.