A daina yi wa Goethe ƙarya da sunan kishin addini

Wannan hoton da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya ya ishe ni haka. Kun gan shi, ba sai na sake ɗora shi ba: fuskar Goethe, shahararren marubucin nan na Jamus, an rubuta a ƙasa wai ya musulunta a ɓoye kafin rasuwarsa, Turawa suka danne labarin, sannan aka liƙa masa wata doguwar magana babu sunan littafi, babu shekara, babu komai. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu turawar. Da yara ne da na yi shiru. Amma har da mutanen da ake kira malam, masu digiri biyu da uku, suna rubuta "Allahu Akbar" suna turawa gaba. Ƙarya ce, jama'a. Kuma ƙarya ba ta zama ibada don an yi ta da kyakkyawar niyya.

Wannan ciwo ya daɗe a jikinmu. Shekaru da dama ana cewa ɗan sama-jannatin Amurka Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta, mutumin ya musanta tun yana raye, har yau ba a daina faɗa ba. Yanzu an waiwayo kan Goethe. Me ya sa sai Bature ya sa mana hannu kafin zuciyarmu ta natsu? Wane irin imani ne wannan da yake jiran shaidar wani marubuci da ya mutu a garin Weimar na Jamus a 1832?

Abin takaicin shi ne gaskiyar labarin mutumin nan ta fi ƙaryar da ake ƙaga masa daɗi nesa ba kusa ba. Amma gaskiyar sai an zauna an karanta, shi kuwa hoto danna yatsa ne kawai.

An haifi Johann Wolfgang von Goethe a Frankfurt a 1749. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya samu fassarar Alƙur'ani ta Jamusanci da ta fito a 1772, ya zauna yana kwafe ayoyi da hannunsa. A wannan tsakanin ne ya rubuta waƙar da ya siffanta Manzon Allah (SAW) da ruwan da ya ɓuɓɓugo daga kan dutse, yana gangarowa yana janye ƙananan ƙoramu, yana girma har ya kai su teku. Wannan ya faru, waƙar tana nan, duk mai so zai same ta. A zamanin da yawancin malaman Turai ba sa ambaton Annabi sai da zagi, saurayin Bajamushe ya rubuta haka. Ai wannan kaɗai ya isa a faɗa. Me za a ƙara masa?

Sai a 1814, yana dab da cika shekara 65, sunansa ya riga ya cika Turai, har Napoleon ya nemi ganinsa a Erfurt a 1808, ya ci karo da waƙoƙin Hafiz na Shiraz, mawaƙin Farisa, a fassarar Joseph von Hammer. Dattijon da duniya ke zuwa gaishewa ya koma ɗalibi. Ya tara littattafan tafiye-tafiye da na tarihin Farisa da Larabawa, ya dinga tambayar masana harsunan gabas, ya zauna yana koyon zana harufan Larabci, takardun da ya yi gwajin suna nan a ajiye har yau. Daga wannan wahalar ce diwaninsa na Yamma da Gabas, wato kundin waƙoƙinsa, ya fito a 1819. Wannan ne Goethe da nake so a nuna wa matasanmu: mutumin da ya ga wani abu a wajen wasu, bai tsaya a jita-jita ba, ya bi shi har gindinsa. Shi ya karanta namu. Mu ba mu karanta nasa ba, muna dai son mu ɗauki sunansa mu rataya a wuya.

Na san abin da za a ce. "Ai a cikin diwanin ya yabi Musulunci." Ƙwarai, ya yaba, kuma ya yi magana mai nauyi kan miƙa wuya ga Allah. To amma wanda ya buɗe littafin zai tarar da babi guda sukutum na waƙoƙin giya da mai zuba ta. Zai tarar a bayanan da ya biyo da su ya ce Alƙur'ani yakan fara ture mai karatu kafin ya jawo shi, ya ba shi mamaki, daga ƙarshe ya tilasta masa girmamawa. Masu hoto sukan yanke rabin farko su bar na ƙarshe. Kuma shi wannan Goethe ɗin ne a 1799 ya fassara wasan kwaikwayon marubucin Faransa Voltaire wanda ya ci mutuncin Annabi, saboda sarkinsa Carl August ya nema, aka nuna shi a dandalin Weimar a 1800. Wannan ma ya faru. Wanda ya ɗora hoton bai san da shi ba, domin bai taɓa buɗe shafi ɗaya ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Wani ya rubuto min wai "ko ba gaskiya ba ne, ai yana ƙara wa mutane imani." Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Mu ne al'ummar da malamanta suka yi tafiyar watanni a kan raƙumi don tantance hadisi guda, suka ƙirƙiro ilimin isnadi, suka ƙi karɓar ruwaya daga wanda aka taɓa kamawa da ƙarya. Yau jikokinsu ne ke cewa ba komai in an ƙaga magana an jingina wa mamaci? Ranar da yaron da ka tura wa hoton ya shiga jami'a ya gano babu wannan zancen, ba Goethe zai tuhuma ba. Kai zai tuhuma, kuma zai fara shakkar sauran abin da ka gaya masa, har da na gaskiyar. Wani kuma ya ce ai ba wanda ya san abin da ke zuciyarsa. Haka ne, Allah kaɗai Ya sani. To shi ya sa ba ka da hurumin rubuta cewa ya musulunta. Abin da ke bayyane shi ne an yi masa baftisma a cocin Luther, ya taɓa rubuta wa abokinsa Lavater a 1782 cewa shi ba Kirista ba ne, kuma bai taɓa shelanta shiga wani addini ba. A nan ilimi ya tsaya, a nan ya kamata bakinmu ya tsaya.

Wallahi ina ƙaunar rubutun mutumin nan, shi ya sa abin ke yi min zafi. Ku dubi yadda ya yi rayuwarsa. Ya isa Weimar a 1775, ƙaramin gari, ya zama na hannun daman sarki, aka ɗora masa kula da hanyoyi da kuɗin gwamnati da ma'adinan Ilmenau, ya yi ta fama da ramin haƙar da ruwa ke cikawa har aikin ya rushe. Babban wasan kwaikwayonsa Faust kuwa kusan shekara sittin yana hannunsa. Kashi na farko ya fito a 1808, na biyu bai kammala ba sai 1831, ya rufe shi ya ce kada a buga sai bayan ransa. Cikin 'ya'ya biyar da matarsa Christiane ta haifa masa, ɗaya ne ya girma, shi ma ya riga shi rasuwa a Rum a 1830. Tsohon ya ji labarin, ya kwanta ciwo, ya tashi ya koma kan teburinsa ya ƙarasa aikin. Hikimarsa ke nan, haƙuri da naci a kan aiki. Kuma ba waliyyi ba ne. Ya ɓata shekaru yana jayayya da Newton kan launuka, masana kimiyya ba su bi shi ba. A 1783, yana cikin majalisar sarki, ya goyi bayan a ci gaba da hukuncin kisa kan macen da ta kashe jaririnta, aka kuma sare kan Johanna Höhn, alhali shi ne ya sa duniya kuka a kan Gretchen ta cikin Faust mai irin wannan laifin. Duk wannan ba ya shiga cikin hoto mai layi uku.

In ana neman yadda Musulmi mai daraja kansa ke mu'amala da Goethe, ga Muhammad Iqbal, mawaƙin Lahore, nan. Ya je Jamus, ya koyi harshen, ya yi digirinsa na uku a Munich, ya karanta diwanin, sannan a 1923 ya mayar masa da amsa da littafin waƙoƙi guda cikin Farisanci, saƙo daga Gabas. Bai ce Goethe ya musulunta ba. Bai buƙaci haka ba. Ya tsaya a gabansa a matsayin tsara, ya karɓi gaisuwa ya mayar. Mu me muka mayar? Mutum nawa cikin masu tura hoton nan suka taɓa zama suka karanta waƙa ɗaya ta Hafiz, ko ta Nana Asma'u da ke nan gida Sakkwato?

Tunda ma maganar jingina wa mutum abin da ba nasa ba ake yi, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da diwanin nan. Wasu daga cikin waƙoƙin da suka fi kyau a babin Suleika ba Goethe ne ya rubuta su ba. Marianne von Willemer ce, matar wani mai banki a Frankfurt, wadda suka yi musayar waƙoƙi da ita a 1815. Ya ɗauki nata ya ɗan gyara ya sa a littafin ba tare da sunanta ba. Makaɗin nan Schubert ya yi wa biyu daga ciki kiɗa yana zaton na Goethe ne. Matar ta riƙe sirrin shekaru da dama, ta rasu a 1860, sai a 1869 marubuci Herman Grimm ya bayyana wa duniya. Har yau in aka buga waƙarta ta iskar yamma a intanet, sunan Goethe ake sawa a ƙasa, kuma ban ga mai gyarawa ba.