Wai don ta ce layin malahi ya yi tsawo shi ne za ku cinye ta ɗanya?

Jama'a ni dai yau sai na yi magana ko da kuwa kaina za a dawo. Kwana uku kenan ina kallon abin da ake yi wa wata baiwar Allah 'yar uwarmu da ke zaune nan Jidda, ban san ta ba ban taɓa ganinta ba, amma abin ya tsaya min a wuya. Ta kai yaranta malahi, wato wurin wasa mai lilo da jirage, da sallah, ta dawo ranta a ɓace ta ɗora bidiyo a TikTok tana ta faɗa, wai ta kashe kusan riyal 600 amma abu uku kacal yaran suka hau, sauran lokacin duk a layi ya ƙare, rabin kayan wasan a rufe wai ana gyara, ruwan gora sai ka ce daga Zamzam aka taso shi a jirgi saboda tsada, banɗaki kuwa ba a magana. Ba zan kira sunan wurin a nan ba, wanda ya gani ya gani.

Toh gaskiya ta yi zafi, wannan ba zan ɓoye ba. Ta ce wurin damfara ce, ta ce ko kyauta aka ba ta ba za ta koma ba, sannan ta ƙara da wata magana da ni kaina ta sosa min rai, ta ce duk mai zuwa can bai san ciwon kuɗinsa ba.

Sai ga masoya sun taso. Wlh sai ka ce uwar wani ta zaga. Wannan ya ce idan ba ki da kuɗi ki zauna a gida wa ya aike ki, wancan ya ce 'yar baƙin ciki, wata ta ce a ƙauyenku akwai irinsa ne, wani ya ce neman suna take yi, wasu har suka koma kan muryarta da hancinta da abayar da ta sa, wani bawan Allah kuma ya zauna ya yi bidiyo na minti tara cur yana zagaya wurin yana nuna fitilu yana cewa ku kalla ku gani wannan ne damfara? alhali ranar Talata ya je da la'asar babu kowa, ita kuwa daren sallah ta je. Ai ko Harami ka je ranar Talata da hantsi ba daidai yake da daren 27 ba.

Bari in faɗa muku wani abu don kada ku ce maƙiyin malahi ne ke magana. Shekarata 13 a garin nan ina aikin sawwag, wato direban gida, kuma in akwai wanda ya san malahi daga waje to ni ne. Na kai yaran gidan da nake aiki malahin Shallal da na Atallah ban san iyaka ba, su shiga ni in zauna a mota ko in fito in jingina da bonet ina shan shayi a kofin takarda, iskar Kornish tana kaɗawa, ina jin ihun mutane daga sama duk lokacin da jirgin nan mai hawa da gangara ya sako kai ƙasa, wanda Larabawa ke ce wa jirgin mutuwa. Tun ina dariyar masu hawa har na zo na kamu. Yanzu haka wayata cike take da bidiyon irin waɗannan jiragen, na san na Abu Dabi mai gudun kilomita 240 a awa, na san na Ƙiddiya kusa da Riyad da aka buɗe ƙarshen Disamba 2025 ya zo ya doke shi da 250, tsawon layin dogonsa ya haura kilomita 4, kuma daga saman dutsen Tuwaiƙ yake sako mutane. Matata har tsokanata take yi wai da karatun allo na riƙe haka da yanzu na yi sauka biyu. Don haka da na ji matar nan ta ce ba mu san ciwon kuɗinmu ba, na ɗauki waya na fara rubuta mata amsa mai zafi, na rubuta layi huɗu, sai na tsaya na goge.

Abin da ya sa na goge shi ne na tuna 'yata Ummi.

Shekara biyu da suka wuce na tara 'yan kuɗi na ce wannan karon nawa yaran zan kai, ba na mutane ba. Wani wuri ne daban, shi ma ba zan kira suna ba. Ummi tana da shekara shida lokacin, tun a mota take nuna min wani lilo mai juyawa tana cewa Baba wancan, wancan zan hau. Muka shiga layi. Awa ɗaya da kusan rabi muna tsaye, zafin Jidda kun san shi, ba rana ba ce gumi ne kamar an rufe ka a tukunya, na ɗauke ta na sauke na ɗauke na sauke, takalminta sabo ya ci mata ƙafa amma ta ƙi yarda mu fita. Da muka iso bakin ƙofa sai yaron da ke wurin ya jawo sandar awo ya tsayar da ita, ya ce ba ta kai ba. Yatsa biyu ya rage. Na roƙe shi ya ce mamnu', wato an hana, kuma ban ga laifinsa ba, doka ce kuma don lafiyarta aka yi. Amma sandar nan me ya hana a ajiye ta a farkon layi? Me ya sa sai uba ya tsaya awa da rabi da yarinya a kafaɗa kafin a gaya masa? Ummi ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kawai ta riƙe rigata ta yi shiru hawaye na zuba, wannan shirun ya fi min ciwo. Na saya mata alawar auduga ta riƙe har ta narke a hannunta ba ta sha ba.

Kun san me na yi da na dawo gida? Na ɗora hotunanmu a status muna murmushi na rubuta Alhamdulillah an sha sallah. Ban gaya wa kowa ba. Kuma na tabbata da yawa cikin masu zagin matar nan suna da irin wannan labarin a cikinsu, sun haɗiye ne kawai.

Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar. Mutum ya yi wata uku yana matse bakin aljihu, ya rage aike gida, ya kai iyalinsa dare ɗaya, ya ɗauki hotuna ya tura Kano da Zindar da Sakkwato 'yan uwa suna ta masha Allah, to wannan daren ya riga ya zama dukiya a wurinsa. Ranar da wata ta fito ta ce wurin banza ne, a kunnensa kamar cewa ta yi kai wawa ne an cuce ka, hotunanka ma na banza ne. Ba kamfanin yake karewa ba, kansa yake karewa. Na gane wannan sarai don ni ma abin da ya sa na ɗauki waya kenan. Kuma a nan matar ta yi kuskure, da ta tsaya kan layi da tsada da banɗaki da babu mai bakin magana, amma ta haɗa da mu masu zuwa.

Amma fa kuskurenta bai goge gaskiyarta ba. Layin ya yi tsawo ko bai yi ba? An sayar da tikiti cikakken kuɗi alhali rabin kayan a rufe ko ba a yi ba? Wannan babu wanda ya amsa, duk cikin masu hayaniyar nan ban ga mutum ɗaya da ya ce ƙarya take yi ba, cewa kawai suke ta yi shiru.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa ke baƙuwa ce ki gode Allah, ƙasar mutane kike, ki iya bakinki. Haba jama'a. Mu da kanmu muke wa junanmu wannan. A bakin ƙofa an rage mata kuɗi ne don ita baƙuwa ce? Riyal ɗinta da na ɗan ƙasa ba iri ɗaya ba ne? Ita ba gwamnati ta zaga ba, ba ƙasa ta zaga ba, wurin kasuwanci ta shiga ta biya ta ce ba ta gamsu ba. Ita kanta ma'aikatar kasuwanci ta ƙasar nan tana da layin 1900 don mai saye ya kai ƙara in an cuce shi, wato masu ƙasar ma sun ce a yi magana, sai kai ɗan uwana da igamarka, takardar zamanka, ta kusa ƙarewa kamar tawa ka zama mai gadin kamfanin da bai san da zamanka ba, ko ragin riyal biyar ba za su yi maka ba. Godiyar Allah daban, karɓar canji daidai daban. Mu da muke dawowa bagala, wato kantin unguwa, a kan riyal ɗaya in ɗan Bangali mai kantin ya manta.

Kuma ku lura, su Larabawan ba sa jin kunyar wannan. Ku shiga X lokacin Mausim Riyad, bikin nishaɗin da ake yi a Riyad, ku gani, ɗan ƙasa zai rubuta cunkoso ya yi yawa, farashi ya yi yawa, wurin ajiye mota ya yi nisa, babu wanda zai ce masa maƙiyin ci gaba. Harkar nan gaba ɗayanta sabuwa ce a ƙasar, hukumar nishaɗi a 2016 aka kafa ta, silima a 2018 ta dawo, Mausim Riyad a 2019 aka fara, wurin shaƙatawa na Boulevard World a 2022. Abin da yake girma da sauri haka dole a samu inda ya yi yoyo, kuma wanda ruwan ya zubo wa a ka shi zai faɗa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Su ma manyan harkar ba su tsira ba. Ranar da aka buɗe Disneyland a Amurka, 17 ga Yuli 1955, kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba takalman mata masu tsini suna nutsewa, famfunan shan ruwa babu ruwa, mutane sun shigo da tikitin jabu wuri ya cika ya batse, 'yan jarida suka yi musu kaca-kaca, har su ma'aikatan suka riƙa kiran ranar baƙar Lahadi. Ba su ce 'yan baƙin ciki ba ne, gyarawa suka yi. Daga baya ma kamfanin Disney ɗin ya buɗe wani otal a Fulorida da aka yi shi kamar jirgin sararin samaniya, a Maris 2022, kwana biyu na mutum biyu kusan dala 5,000, wato riyal dubu 18 da ɗoriya, bai kai shekara biyu ba aka rufe a Satumba 2023. Wata yarinya da ta biya ta kwana a ciki ta zauna ta yi bidiyo na awa huɗu a YouTube tana warware abin zare-zare, miliyoyin mutane suka kalla. Kuma ita ɗin masoyiyar wuraren ce ta gaske, shi ya sa ma sukar ta yi nauyi, wanda bai damu da abu ba ba zai ba shi awa huɗu ba.

Sannan akwai maganar da ba na son yi amma dole. Waɗannan abubuwan ƙarfe ne da inji, mutane ake ɗaurewa a ciki a wulwula su a sama. Duk mun ga bidiyon wani malahi a Hada ta Ɗa'if a ƙarshen Yuli 2025, lilon nan mai juyawa ya karye a tsakiya da mutane a kai, 23 suka ji rauni, hukuma ta rufe wurin. Ranar ban yi barci da wuri ba don irinsa Ummi ta so hawa. Tun daga lokacin in na ji wani ya ce bel ɗin kujera kaza ya yi sako-sako ko ya ji wata ƙara da bai gane ba, ni dai ba na ce masa ɗan hassada, kunne nake kasawa. In muka saba wa kanmu duk wanda ya buɗe baki sai a yi masa rubdugu, to ranar da wata uwa za ta ga abin da ya kamata ta faɗa, za ta tuna abin da aka yi wa wannan ta ja bakinta.

Eh na sani akwai masu suka na iska, wanda bai taɓa taka wurin ba yana kwance a ɗaki yana cewa duk almubazzaranci ne, ko masu neman mabiya da suka gane zagi ya fi yabo tafiya. Waɗannan ku wuce su kawai, ba sai an yi taro a kansu ba. Ana gane su ai, ba su da rana ba su da farashi ba su da komai sai baki. Matar nan kuwa da rasit a hannunta ta yi magana, ta ɗaga shi a kyamara.

Wani abokina da muke aiki unguwa ɗaya ya ce min to kai yanzu ka daina zuwa kenan? Na ce ina, wa ya gaya maka. Ina nan ina tara na Ƙiddiya, tafiyar kusan kilomita dubu ce daga nan zuwa Riyad kuma sai na roƙi hutu wurin kafili, wato maigidana, amma in Allah ya yarda sai na hau jirgin nan ko da zan sauko ina salati. In ya yi daɗi za ku ji, in layi ya kashe ni ma za ku ji, ku tanadi zaginku.

Ummi kuwa tun waccan sallar ta sa na yi mata alama da biro a jikin ƙofar kicin, duk wata sai ta tsaya ta ce in duba. Ta wuce alamar tun bara, jiya ma sai da ta sa na sake aunawa, har da ɗaga dunduniya wai kada a samu matsala.